Tumbin Harafi

Malama Shafa'atu ce ta aiko da takarda
a aljihun wandon Sahabi,
an ninke ta huɗu, gefenta ya sha manja.
Na miƙa wa uwarsa, na ce hannuna da baƙin mai.
Kullum hannuna da baƙin mai yake
in dai takarda ce ta shigo gidan nan.

Ta karanta: "Shekara biyu ke nan yana aji biyu.
Ba ƙiwuya ba ce, ba taurin kai ba ne.
Ku kai shi a duba."

A duba me?
Yaron da ya san tattabarunsa sha tara,
kowace da sunanta,
ya san wadda ta kwana Rafin Daɗi ba ta dawo ba.
In na kwance kaburetar babur
shi ke nuna min ƙusar da na manta.
Amma miƙa masa alli ka gani:
b ta juya masa baya ta zama d,
sha biyu ta koma ashirin da ɗaya,
gumi ya keto masa kamar mai dakon buhu.

Kakarsa ta ce a ba shi rubutu, ya sha.
Kawunsa ya ce bulala. Na gwada sau ɗaya,
daren nan ban runtsa ba.
An auna ido, garau.
An auna kunne, yana jin faɗuwar allura.

Ranar Talata na bar shagona na Ƙofar Marusa a kulle,
muka yanki kati, muka bi layi,
benci ya ci mana hantsi.
Ya ce, "Baba, ina ne ke min ciwo?"
Na rasa ta cewa, na saya masa aya.

Dakta Asabe ba ta ɗauko allura ba.
Katakai ta zube, ta ce ya gina abin da ta zana,
ya gina kafin ta rufe biro.
Ta ba shi labarin kura da ɗan akuya,
ya maido mata har da abin da kurar ta raya a ranta.
Ta yi dariya, ta rubuta.
Sai ta ɗaga kati mai harafi biyu:
"Wanne ne tumbinsa ke gaba?"

Ina tsaye a bayansa, ni ma na duba.
Suka yi min iyo kamar da,
kamar a aji huɗu, gwiwata bisa tsakuwa,
Malam Ɗanjuma na cewa daƙiƙi,
yara na amsawa kamar karatu.
Ranar na bar jakata a gindin bedi,
ban koma ɗauka ba.

Ta ce, "Ba cuta ba ce da za a sha magani.
Kansa lafiya lau, hanyarsa ce daban.
Za ku dawo sau uku, in rubuta wa malamarsa.
A bar shi ya ji harafi da kunne,
ya taɓa shi da hannu, ya zana shi a yashi.
Yakan bi jini. Akwai wani a gida?"

Fanka na juyawa.
Na dubi tafukana.
Da asuba na goge su da omo da toka
saboda zuwa asibiti,
babu baƙin man da zan fake da shi.

Na ce, "Akwai."

Yanzu bayan magariba, tattabaru sun shige akurki,
nakan lanƙwasa wayar birki a tsakar gida,
sanda ɗaya, tumbi ɗaya.
Uwarsa ta faɗi sautin, mu biyu mu maimaita.
Jiya na ajiye tawa da ƙarfin gwiwa, na ce, "Ba."
Ya daɗe yana kallo, yana bin ta da yatsa,
sannan a hankali, don kada uwarsa ta ji:
"Baba, juya ta."